Ruwa ya ci karnen Inna: wa ke riƙe da tarihin maras lafiya?

Yau ra'ayina na zo da shi, kuma daga cikin gidanmu maganar ta taso.

Damanar 2024, wadda ruwa ya yi ɓarna a Maraɗi da sauran jihohi, ɗakin Inna bai faɗi ba, alhamdu lillahi, amma ruwa ya shiga ta ƙasan ƙofa ya kwana a ciki. Da gari ya waye muka fitar da kaya muna shanyawa. A cikin akwatinta na ƙarfe, ƙarƙashin zannuwa, muka tarar da karnenta na asibiti, ɗan littafin nan da kowa ya sani wanda likita ke rubutu a ciki. Ya zama kamar tuwo. Tawadar bik ta narke, shafi ya manne da shafi. Inna ta dube shi ta ce, "Ba komi, a sayi wani." Mu ma hakanan muka ɗauka. Karne ai ba kadara ba ce.

Abin da muka manta, cikin littafin ga akwai shekarun da ta yi tana fama da hawan jini, da magungunan da aka yi ta canza mata har aka samu wanda ya karɓe ta. Akwai kuma layi ɗaya da wani likita ya rubuta da jan bik ya ja masa layi biyu a ƙasa. Shekarun baya an taɓa ba ta Bactrim, jikinta ya yi ƙuraje, bakinta ya saɓule, ta kwana goma sha a gadon asibiti. Likitan ya ce har abada kar a sake ba ta shi.

Bayan ƴan watanni ta kamu da wani ciwo, ƙanwata ta raka ta asibiti, aka sayi sabon karne fari fat. Wanda ya duba ta ya yi aikinsa, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya tambaye ta, "Inna, akwai maganin da ba ya karɓarki?" Ta ce, "Akwai, ɗana, wata farar ƙwaya ce." To jama'a, ƙwaya nawa ce ba fara ba? Layi ya kai bakin ƙofa, ya rubuta ordonans, suka fito. A jikin takardar an rubuta cotrimoxazole. Ƙanwata sunan Bactrim kawai ta riƙe a kanta. Sai a farmasi mai sayarwa, yana miƙo maganin, ya ce mata, "Wanga shi ne Bactrim, safe da dare." Ta ce hannunta rawa ya kama yi. Kalma guda da ta fito daga bakin mai sayar da magani, ba tare da ya san nauyinta ba, ita ta tsaya tsakanin Inna da gadon asibiti, ko abin da ya fi shi.

Na ce to, tun da an taɓa kwantar da ita, dole akwai dosiyenta a ajiye. Na tahi asibitin, ba zan faɗi sunansa ba don ba shi kaɗai ba ne. Aka yi ta tura ni daga biro zuwa biro har aka samo mai mabuɗi, wani dattijo mai kirki wanda asalin aikinsa aike ne. Ya buɗe ɗaki. Kwalaye har rufi, wasu an ɗaure su da igiya, na ƙasa gara ta fara ci. Ya ce mini, "Malam, wace shekara? Wane wata? Kana da lamba?" Ba ni da lamba, don lambar tana cikin karnen da ruwa ya ci. Muka yi awa uku muna shaƙar ƙura. Na ga sunayen mutanen unguwarmu da cututtukansu, abin da bai kamata idona ya gani ba sam. Na Inna ba mu same shi ba.

Tun ranar nake ta juya abin ga a raina. Mun ɗora wa maras lafiya nauyin riƙe tarihinsa, alhali shi ne mafi rauni a cikin zancen. Tsohuwa wadda ba ta yi lekol ba, an rubuta mata da faransanci, da rubutun likita wanda mu da muka yi lise ma sai mun yi ta ƙifta ido, ita ce aka ce ta adana. In ya ɓace, asibiti ya manta da ita kamar ba ta taɓa shiga ƙofarsa ba.

Ajiyar bayanan maras lafiya sana'a ce mai zaman kanta, da karatunta, da ƙa'idojinta. Mu nan mun maida ta aikin wanda ba ya da aiki.

Bari in faɗa muku abin da mai wannan sana'a yake yi, don da yawa suna zaton jera takardu ne cikin kwali. Abu na farko, shi ke tabbatar da cewa mutum ɗaya lamba ɗaya gare shi, ko ya zo yau ko ya dawo bayan shekara biyar. Kuna ganin abin da sauƙi? A ƙasarmu ba sauƙi. Mutum guda, yau an rubuta shi Mahamadou, gobe Mahaman, jibi Mamane. Aïchatou ta koma Aïssatou a hannun wani mai rubutu. Ranar haihuwa kuma, rabin dattawanmu "né vers" ne, masu takardar kotu da yawa an ba su 1 ga Janairu. A ƙauye guda za ka samu mata uku suna ɗaya, sunan uba ɗaya, shekara kusan ɗaya. In ba wanda aka koya wa yadda ake rarrabe su, da sunan uwa, da unguwa, da lambar waya, wata rana sakamakon gwajin wata zai faɗa cikin dosiyen wata. Kuma ba wanda zai sani sai abin ya ɓaci.

Abu na biyu, shi ke fassara rubutun likita zuwa lambar cuta. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana da kundi da ake kira CIM inda kowace cuta ke da lambarta. A bugu na 10, hawan jini I10 ne, masassarar cizon sauro daga B50 zuwa B54, amosanin jini da muke ce wa emasi D57. Bugu na 11 ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Amfanin lambar shi ne, likitan Tawa da na Damagaram da na Kano, ko harshensu ya bambanta, in sun ga D57 abu ɗaya suka fahimta. Mu da ke bakin iyaka mun san zafin abin ga. Mutanenmu suna tafiya Katsina da Kano neman magani, su dawo da takardu da inglishi, likitanmu ya karanta da ƙyar. Su ma na can suna tsallakowa da yara masu tamowa zuwa Madarunfa da Ɗan Isa, su koma da takardu da faransanci.

Abu na uku shi ne wanda ya fi girma, kuma shi ne ba a gani. Duk wanda aka duba a CSI ana rubuta shi a rajista. Ƙarshen wata ana ƙirga su, a cika rapor, a tura disitirik, daga nan zuwa jiha, daga jiha zuwa ma'aikatar kiwon lafiya a Yamai. Tsarin shi ake kira SNIS. Yanzu lissafin yana shiga wata manhaja mai suna DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙira, ƙasashe da dama na Afirka suna aiki da ita, har da namu. Ban da na wata, akwai cututtukan da dole a ba da rahotonsu kowane mako, irin su sanƙarau, ƙyanda da kwalara. Ga misali ɗaya don ku ga nauyin abin. A ƙa'idar OMS, in aka samu mutum 10 masu alamun sanƙarau cikin mutum 100,000 a mako guda, yankin ya shiga annoba, a tashi tsaye da rigakafi. Ƙirga ce ke buga ƙararrawa. In wanda zai ƙirga ya makara mako biyu, ƙararrawar ma ta makara mako biyu, kuma sanƙarau ba ya jiran kowa. Waɗanda suka ga 2015 sun tuna: sama da mutum 8,000 suka kamu, sama da 500 suka rasu, an rufe makarantu a Yamai. Kwalarar Madarunfa ta 2018, mashaƙon Matamaye na 2023, duka da ƴan lambobi a rajistar wani CSI aka fara ganinsu.

To wa ke wannan ƙirga a yawancin wurare? Majo. Mutumin da ya wuni yana duba marasa lafiya, ya karɓi haihuwa da dare in babu sajfam, ya lura da kantin magani, ya yi lissafin kuɗi, shi ne kuma ƙarshen wata zai zauna da cocila a baki yana bin rajista layi layi: maza nawa, mata nawa, ƴan ƙasa da shekara biyar nawa, masassara mai sauƙi nawa, mai tsanani nawa. Sannan kowane porje ya kawo nasa fom ɗin. Na tamowa daban, na rigakafi daban, na maganin masassara da ake rarraba wa yara da damana daban. Mutumin da ya gaji in ya rubuta 71 a wurin 17 ban kira shi maƙaryaci ba. Amma da wannan lambar za a auna maganin da za a turo masa. Da irin takardun nan ake neman gwamnati ta biya kuɗin kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar, wanda aka maida kyauta tun 2006 zamanin shugaba Tandja Mamadou. Kowa ya san yadda biyan ya riƙa jinkiri. In kuma takardar ta zo da kuskure, an ƙara wa jinkirin dalili, kanta na nan babu magani, uwa ta koma gida da ordonans a hannu.

Mu ƴan jarida ma muna cikin zancen. Muna karɓar lissafi daga bakin hukuma mu karanta a labaran ƙarfe takwas da murya mai ƙarfi, ba mu taɓa tambayar wa ya ƙirga, da wane hali ya ƙirga ba.

Yanzu ga inda nake son matasa su saurara da kyau. Duk shekara in sakamakon BEPC da bak ya fito, iyaye suna kira a shirinmu da tambaya iri ɗaya: wace makarantar lafiya ce ta fi? Kowa anfirmiye yake so, kowa sajfam. Ban raina su ba, wallahi, su ne ƙashin bayan asibiti. Amma ku shiga kowane babban asibiti ku ƙirga masu farar riga da ke aikin sa kai, benebol, shekara biyu, shekara huɗu, ba albashi, suna jiran konkur ko kontira. Uba ya sayar da gona ko shanu ya biya makaranta mai zaman kanta, ɗiya ta fito da difloma tana roƙon kuɗin kabu-kabu. A daidai wannan lokaci, ku duba sanarwar neman ma'aikata ta ƙungiyoyi da porje-porje: ana neman mai shigar da bayanai, mai kula da bayanai, mai bibiya da auna aiki. Sau da yawa wanda ya iya kwamfuta bai san bambancin CPN da CPoN ba, wato awon ciki da awon bayan haihuwa. Wanda ya san su kuma bai taɓa buɗe Excel ba. Wanda ya haɗa biyun shi ne ake nema, kuma ba su da yawa.

Kar wani ya ji ni ya ce na yi masa alkawarin aiki. Aikin porje yana ƙarewa ranar da kuɗin porje ya ƙare, mun gani da idonmu a farkon 2025 da Amurka ta tsuke taimakonta, matasa da yawa suka dawo gida. Kujerun gwamnati kuma kaɗan ne. Abin da nake cewa, wanda ya riga ya yi karatun lafiya yana zaune, ƙara wannan ilimi ya fi zaman jiran konkur. Masu DHIS2 suna da darussa kyauta a intanet, har da faransanci, suna kuma da wurin gwaji mai ɗauke da bayanan ƙirƙira na ƙasar Saliyo, inda za ka yi ta taɓawa ba ka ɓata wa kowa aiki ba. KoboToolbox da ƙungiyoyi ke tattara bayanai da shi a waya, shi ma ana koyonsa da waya. Kuɗin da muke zubawa a forfe muna kallon faɗan TikTok ya isa. Wanda kuma zai shiga makaranta sabo, kafin a biya ko dala, a tambaya: diflomar nan gwamnati ta san da ita? Ina ake yin istaj? Kwamfuta nawa ke cikin aji, kuma suna kamawa? Wasu takardun shaidar, adon bango kawai suke yi.

Maƙwabtanmu na Najeriya, duk da nasu matsalolin, sun riga mu a nan. Tun 1989 suka kafa hukumar da ke rajistar ma'aikatan ajiyar bayanan lafiya. Asibitin koyarwa na Aminu Kano yana da makaranta ta musamman don wannan fanni. Wanda ya taɓa kai maras lafiya can ya san kafin ka ga likita sai ka bi ta wurin masu kati, su ba ka lamba, su ciro fayil ɗinka. Layin yana da tsawo, wani lokaci fayil ɗin ma yana ɓacewa, ban ce aljanna ba ce. Amma akwai mutumin da aikinsa ke nan, wanda in fayil ya ɓace shi za a tambaya. A ɗakin kwalayen da na shiga, wa zan tambaya? Dattijon mai mabuɗi?

Na san abin da wasu za su ce, don wani abokina ma'aikacin lafiya ya riga ya faɗa mini a fada: "Kai ɗan jarida, ba mu da likitoci isassu, ba mu da magani, kuran yana ɗaukewa, kai kana zancen mai ajiye takarda." Yana da gaskiya a rabin maganar. In aka ce in zaɓa tsakanin sajfam da mai dosiye a ƙauyen da ba ko ɗaya, sajfam zan ɗauka, ba gardama. Shi ya sa ban ce kowace kaz ta sante a kai mata ma'aikacin bayanai ba. Amma a babban asibiti da asibitin disitirik, kwanakin da majo da anfirmiye ke ɓatawa kan rapor, kwanaki ne da aka ƙwace daga hannun marasa lafiya. Gwajin jini da hoto da ake sake yi don na farko ya ɓace, aljihun talaka ne ke biya. Ƙasar da likitocinta ba su da yawa ita ta fi buƙatar kar a ɓata musu lokaci.

Akwai kuma masu ganin kwamfuta ce maganin komi: a kawo ordinater, a kawo tablet, a ɗauki hoto da manya, shi ke nan an zamanantar. Kwamfuta abin da ka zuba mata shi take maido maka. In ka shigar da Mahamadou sau uku da rubutu uku, za ta ba ka mutum uku, da sauri ma. Ga kuran. Mun tuna lokacin takunkumin 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, yadda garuruwa suka kwana cikin duhu. Ga rezo da ke zuwa yana tafiya. Takarda za ta daɗe tare da mu, saboda haka wanda za a horar dole ya iya biyun: ya san tsara kanta da lamba da kare ta daga gara da ruwa, ya san kuma ajiye kwafin bayanai a wuri na biyu kafin na'ura ta mutu. Formasiyo ta kwana uku a otel ba ta koyar da wannan, balle in kullum mutum ɗaya ne ke zuwa don perdiyam, shi kuwa mai cika rajistar yana can ƙauye.

Sai maganar sirri, wadda ita ta fi ci mini rai. Garuruwanmu ƙanana ne, kowa ya san kowa. Mai riƙe dosiye ya san wa ke shan maganin sida, wace yarinya ta zo da ciki, wane babban mutum ke zuwa ɓangaren masu taɓin hankali. Magana ɗaya a fada ko a gidan biki ta isa ta kashe aure, ta hana yarinya miji, ta sa mutum ya daina zuwa karɓar maganinsa don kunya. Yau ma ba sai an yi magana ba, hoto ɗaya a WhatsApp ya gama. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Amma doka ba ta tsaron ƙofar ɗaki. Ni da na shiga neman dosiyen Inna ba wanda ya tambaye ni kati, ba wanda ya ce in kawo shaidar ni ɗanta ne. Da mugu ne ni, da na fito da labarin rabin unguwa. Kuma in faɗa wa kanmu gaskiya, mu masu shafuka da rediyo muna wallafa takardar gwajin mutum da sunansa da hotonsa da sunan neman taimako, ba mu tambaye shi ko ya yarda duniya ta san ciwonsa ba. Niyyar mai kyau ce, amma hoton ba ya gogewa bayan ya warke.

Abin da nake roƙo a wurin hukuma bai fi ƙarfinta ba. A kowane asibitin disitirik da na jiha a samu mutum wanda sunan aikinsa ke nan a takarda, da albashinsa, da mabuɗin ɗakin a hannunsa shi kaɗai. Makarantunmu na gwamnati, ENSP ta Yamai da ta Damagaram, da jami'o'in Abdou Moumouni, Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani, suna da malaman lafiya ko na lissafi ko na kwamfuta, a haɗa su a ba wa fannin nan matsayinsa, da difloma wadda ke kai mutum ga lambar aikin gwamnati. A fara da benebol ɗin da suka riga suka san asibiti ciki da waje. Su kuma masu porje, maimakon kowa ya zo da nasa fom, su zuba cikin tsari ɗaya.

Kafin a kai can, mu a gida ga abin da muka yi. Na sa wani likita ya sake rubuta sunayen biyu, Bactrim da cotrimoxazole, da manyan baƙaƙe a shafin farko na sabon karnen. Mun ɗauki hoton kowane shafi, yana wayata, yana wayar ƙanwata. Mun kuma rubuta a ƴar takarda muka naɗe cikin leda, Inna ta ƙulle ta a bakin zanenta wurin da take ajiye kuɗin goro. Ran nan na ji tana koya wa jikarta sunan, tana cewa "kotiri", sauran ya gagare ta. Dosiyenta na farko kuwa yana can cikin ɗaya daga kwalayen nan, in gara ta bar shi.